Tseren mota wasa ne, amma ba wanda kuke gani a bikin aure ba

Kai yaro, tambayarka ke nan wai ko tseren mota wasa ne na gaske irin ƙwallo da dambe, tunda abokinka ya ce mutum a zaune yake, inji ke yin aikin? Ba don ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi ba, da ko kallonka ba zan yi ba, don ni ba na musu da mutanen da iliminsu duk a waya yake.

Shi abokin naka ya taɓa cewa folo ba wasa ba ne saboda doki ke gudu? Ya je Katsina ya faɗi haka, garin da Sarki Usman Nagogo ya yi suna da sanda a kan doki, ya ji amsar da za a ba shi. Wasa ne, kuma mai wuya.

Motar Formula 1, babban tseren motoci na duniya, birkinta ba shi da abin taimako irin na motocin da muke gyarawa. Da ƙarfin ƙafarsa direba ke taka shi, nauyin da ya haura kilo 100, kwana bayan kwana, har awa ɗaya da rabi. In ya taka birkin nan ko ya sha kwana da gudu, jikinsa na jin nauyinsa ya ninka wajen sau biyar, wuyansa kuma shi zai riƙe kai da hular kwano a haka. Kafin ya sauka ya zubar da kilo biyu zuwa uku na gumi. A tseren Katar na 2023 zafi ya sa direba Esteban Ocon ya yi amai a cikin hularsa, bai tsaya ba, ya ƙare na bakwai. Logan Sargeant kuwa ajiye motar ya yi don jikinsa ya gaza. Ayrton Senna, wanda ya ci kambun duniya sau uku, a kan wannan kujerar da abokinka ke raina wa ya yi hatsarin da ya yi ajalinsa a filin tseren Imola na Italiya a 1994. Ka ce masa ya zo ya tuƙa mini tifa babu fawa daga nan zuwa Wudil tukuna, sannan mu yi maganar zama.

Amma ni ba direban ke burge ni ba. Kowa shi yake tafa wa, alhali rabin wasan namu ne, makanikai. A wancan tseren na Katar ɗin dai, makanikan ƙungiyar McLaren sun cire taya huɗu sun ɗaura huɗu a daƙiƙa 1.8. Mutum wajen ashirin, kowa da abu ɗaya da ya sani, noti ɗaya tal a kowace taya. Kai kuwa in na ba ka taya ɗaya sai na je na yi la'asar na dawo na tarar kana neman inda ka jefar da noti. Fijo 504 da kuke yi wa dariya yanzu, ita ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da aka fara haɗa ta a Kaduna, irinta kuma ta sake ci a 1978, a kan laka da duwatsu. Lokacin da tseren Faris zuwa Dakar ke ratsa Agadas da saharar Tenere, direba na isa zango zai kwanta, makanike kuma a lokacin nasa aikin ke farawa, da fitila a goshi har asuba. Yau an mayar da shi Saudiyya tun 2020, amma har yanzu motar da ba a kwana a ƙarƙashinta ba ba ta kai ƙarshe.

To wannan shi ne tsere. Abin da ya sa raina ya ɓaci da tambayarka shi ne na san ba shi ke kanka ba. Wasan motar yaran masu kuɗi kake tunani, wanda suke juyi a shataletale ran kai amarya.

Akwai wani Alhaji da na daɗe ina yi wa gyara tun yana da mota ɗaya. Ɗansa ya kawo mini Marsandi 190 tana hayaƙi, inji ya gama yawo. Na je Ƙofar Ruwa na ɗauko masa inji ɗan Kwatano, bashi, da sunana, saboda mai kayan ni ya sani ba su ba. Ban ɗora shi haka nan ba kamar yadda ragwayen yanzu ke yi. Na buɗe shi, na sa sabon ringi da metal, sabon gasket, na wanke lagireto, na canja kuloci. Batirinsa ya mutu, na ara masa nawa sabo fil. Ya ba ni kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, ya ce sauran Baba zai aiko. Na ce masa a gaban yarana, injin da aka yi wa ringi da metal lallaɓa shi ake yi, kada ka matsa masa sai ka yi kilomita dubu ka dawo mu juye baƙin mai. Ya ce, "Oga, ai kamar ƙwai zan riƙe ta."

Ran Alhamis ya ɗauka. Ran Litinin aka jawo ta da igiya.

Tun kafin a buɗe bonet na san labarin. Tayoyin gaba lafiya lau, na baya har waya ta fito. Warin kuloci ya cika motar. Lagireto babu ɗigon ruwa. Da na kwance kaskon mai, baƙin man na walƙiya da garin ƙarfe, metal ɗin da na sa da hannuna ya koma shuɗi ya liƙe wa kiranshaf, rodi guda ya fasa bulo ya leƙo waje. Na ce me ya faru? Yaron nan ya dube ni ido cikin ido ya ce masallaci zai je, a hankali yake tafiya, sai kawai ya ji ƙara.

Ka buɗe kunnenka a nan, don wannan ne kaɗai abin da za ka koya yau. Lagireto iska yake so, iskar kuma tafiya ke kawo ta. In mutum ya danne totur har ƙasa yana juyi a wuri ɗaya, inji na ihu amma iskar ba ta shiga, fanka kaɗai ba za ta iya ba, sai zafi ya hau. Sannan juyin na tura baƙin mai gefe guda na kasko, famfon mai ya zuƙi iska, metal ya bushe. Daƙiƙa kaɗan sun isa. Shi ya sa motocin tsere na gaske ake ajiye mansu a wani tanki daban da famfuna masu kwaso shi, ko a yi wa kaskon shinge a ciki. Su sun san abin da za su yi wa inji, sun shirya masa. Wannan kuwa ko allurar zafi bai kalla ba, yana can yana ɗaga wa 'yan mata hannu.

Da yamma sai ga uban da kansa, babbar riga har ƙasa. Wai na sa wa ɗansa mataccen inji na karɓi kuɗin mai kyau, in dawo da abin da aka ba ni. Na nuna masa tayoyin baya, ya ce shi maganar inji yake yi ba taya ba. Wani yarona ya kawo bidiyon bikin da ke yawo a wayoyi: ga motar nan tana juyi, hayaƙi ya turnuƙe, abokai sun fito rabin jiki ta taga. Sun cire lamba, ka ji masu wayo. Alhajin nan ya kalla tun daga farko har ƙarshe, ya miƙo wayar ya ce farar Marsandi ai ba ɗaya ba ce a Kano. Ga fasasshen gilashin fitilar baya da ni na ɗaure da salatif yana kallonsa a ciki!

Aka tara dattawan gareji. Ka san maganarsu, a yi haƙuri, babban mutum ne, kada a ɓata zumunci. Hukuncin da suka yanke shi ne ba zan mayar da abin da na karɓa ba, shi kuma ba zai cika ba. Wai an raba asara ke nan. Kashi biyu cikin uku a wuyana ana ce mini an raba. Mai kayan Ƙofar Ruwa ba ruwansa da bikin kowa, babur ɗina na sayar na biya shi, na koma hawan haya da furfurata. Suka aiko aka ja motar ranar da na tafi jana'iza, da batirina a ciki. Bayan wata biyu na ga yaron da sabuwar BMW. Uban kuwa har yau in mun haɗu a ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu, yana tambayata ya aiki.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu, wancan yaron shi ne gwaninku. Ba ƙa'ida, ba agogo, ba hular kwano, ba motar asibiti a gefe, sai yaran unguwa tsaye a bakin titi da 'yan talla. Mai tseren gaske fili ake rufe masa, a auna motarsa kafin ya fara da bayan ya gama, in aka samu ta gaza nauyin da doka ta ce ko da kaɗan ne a ƙwace nasarar. Haka aka yi wa George Russell a Beljiyam a 2024, ya zo na ɗaya aka tarar motarsa ta gaza da kilo ɗaya da rabi, aka ba Lewis Hamilton. Naku gwanin wa ke auna shi?

Yadda ake ɗaura ringi da ɗaure kan silinda ba zan tsaya ina karanta maka ba, wanda bai gane da ido ba ba zai gane da baki ba. Amma daga yau duk motar da ta shigo garejin nan, kafin ka taɓa bonet ka zagaya ka duba tayoyin baya. In sun cinye na gaba suna nan, kuma mai ita bai kai talatin ba, kada ka ɗora mata sifana sai ka kira ni. Kuɗin kaya cif a hannu, na aiki rabi, ya sa hannu a littafi cewa babu garanti, kuma ba na aron batir. In ya ce Baba zai aiko, ka ce Baban ya zo da ƙafarsa.