Wadda ta ƙunsa mata lalle

'Yata, saƙonki ya iso, jikana ya karanta min har sau biyu. Sai da na yi dariya inda kika ce wai ko a zamaninmu akwai takardar da ake sa wa hannu in za a ba da riƙo. Wace takarda? Goro ne da sa albarka, sai 'yan riguna a ƙulle cikin ɗankwali. Amma da na kwanta barci ya ƙi zuwa, don na san abin da ke cin ki. Yarinyar da kika karɓa tun tana cikin tsumma ta shiga shekara 9, ta fara tambayar da wa take kama, ita kuwa wadda ta haife ta ta haɗa ki da Allah kada ki ambaci sunanta.

Kin ce ƙawarki ta Ingila ta gaya miki can tun 1975 wanda aka riƙa, in ya cika 18, yana da ikon karɓar takardar haihuwarsa ta asali, a Faransa kuma mace kan haihu ba ta bar suna ba, kuma in ɗan ya zo nema sai an tambaye ta tukuna. To, Innarmu ko Zariya ba ta taɓa zuwa ba, amma na ga ta yi irin na Faransan.

Ki fara sanin cewa riƙo a wurinmu ba abin ɓoyo ba ne. Ni kaina 'yar fari ce, daga yaye aka kai ni wurin Inna, yayar Babanmu, na zauna ke nan. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba saboda alkunya, amma ban taɓa rasa sanin ita ta haife ni ba. Baba kan ce Allah ya riga ya yanke wannan a Suratul Ahzab, aya ta 5, a kira 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu. Zaidu ɗan Harisa a hannun Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tashi, amma aka mayar masa da sunan ubansa. Mu su wa?

Sai dai a ɗakin Inna, a Yakasai, akwai wata da na taras, yayata ta riƙo. Ba zan faɗi sunanta ba, jikokinta na nan cikin gari. Ita da daddare ungozoma ta kawo ta, da sanin mai unguwa. Yanzu irinsu gidan yara na Nassarawa ake kai su, a da kuwa ɗakin wata mai haƙuri ake nema. Tun tana ƙarama Inna ta gaya mata ba ita ta haife ta ba. Sunan uwar ne kawai ta ɓoye mata.

Bikin Yaya ya faɗo a 1976, ba a daɗe da binne Murtala ba, gari shiru, ga sanyin hunturu. Wajen binciken asali wata tsohuwa daga dangin ango ta yar da magana a tsakar gidanmu, wai tsintacciyar mage ba ta mage. Yaya ta ji. Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba, ta durƙusa gaban Inna ta ce a gaya mata 'yar wace ce. Inna ba ta ce komai ba. Bayan magariba ta ja mayafi ta fita ita kaɗai, ba ta dawo ba sai da aka yi shirin rufe soro. Ta zaunar da Yaya ta ce: uwarki na raye, 'yar mutunci ce, ƙaddara ta faɗa mata tana yarinya. Babu jini babu nono tsakaninki da wanda za ki aura. Na roƙe ta suna, ta ce tana ɗakin miji da 'ya'ya, a yi mata rai.

Daren sa lalle ni ke riƙe da fitilar ƙwai. Ɗaki ya cika da ƙawaye ana guɗa, Yaya a lulluɓe tana kukan amare. Sai ga wata mata da ba mu sani ba, doguwa, ta gaida Inna a takaice, ta ce a miƙo mata ƙwaryar lallen. Inna ta miƙa. Ta ɗora ƙafar Yaya ta hagu a cinyarta tana shafawa sannu sannu, yatsa bayan yatsa, har 'yan mata suka fara ƙorafin za a kwana a ƙafa ɗaya. Da na sauke fitila sai idona ya kai kan tata ƙafar. Ƙaramin yatsanta ya hau kan na kusa da shi, sak irin na Yaya da muke tsokanarta da shi. Na buɗe baki ke nan Inna ta sakar min mintsini a cinya, har gobe ina jin zafinsa. Matar ta ɗaure ƙunshi, ta share ido da gefen mayafi ta ce hayaƙin turare ne, ta fita ko goron biki ba ta tsaya karɓa ba. Yaya ba ta ɗaga lulluɓi ba. Amma kukanta ya tsaya cak tun da hannun nan ya taɓa ta.

Da na girma na tambayi Inna. Ta ce kakarmu kan ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma asirin da ba naka ba amana ne, mai shi ake tambaya. Na ce to haƙƙin Yaya fa? Ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa ta je ta tambayo. Yaya ta rasu ba mu taɓa tayar da zancen ba, ni da ita. Wannan kam yana damuna, musamman in 'ya'yanta sun zo gaishe ni suna neman dangin uwa.

Ku 'yan yanzu kuwa ba ku da tsakiya. Wata ta liƙa sunan mijinta a takardar haihuwar ɗan riƙo, sai ranar rabon gado a tone komai gaban alƙali, alhali da wasiyya ta rubuta masa cikin sulusi da ba a ji kansu ba. Wata kuma daga ɓacin rai ta zazzage asirin baiwar Allah a Facebook. Ga shi tun 2024 Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure, likita zai tambayi ko akwai sikila a dangi, me yarinya za ta ce?

Kada ki bari ta ji a bakin 'yan makarantarsu cewa ba ke kika haife ta ba. Maganar suna kuwa, yaushe rabonki da uwar? Alkawarin shekara 9 ne, mai yiwuwa ita ma zuciyarta ta sauya. Ki zo min ranar Juma'a bayan la'asar, ki taho da yarinyar, na kwana biyu ban gan ta ba. Ki biya Kurmi ki sayo min kanwa ungurnu.