Amsa ga ƙanwarmu mai shirin ajiye alƙalami

Salamu alaikum 'yan gida. Ina ƙanwar nan tamu da ta turo murya jiya da dare, wai za ta bar rubutu don ilhama ta ɗauke mata? To ƙanwata, na saurare ki tsaf, kuma ki yi haƙuri, ni ban ji zancen ilhama a ciki ba. Abin da na ji shi ne kin buɗe guruf na kuɗi a waya inda kike sakin littafinki, mutane sun biya ɗari biyar-biyar, kafin gari ya waye an kwashe fejikanki an watsa su kyauta a wasu wurare. Ciwon ke nan. Maganar kuɗi ce, ki faɗe ta kai tsaye, ai ba abin kunya ba ne. Sana'a kike yi.

Ku yaran yanzu gani kuke kamar a kanku aka fara cutar marubuci. Mu lokacin takarda, adashe za ki ɗauka ki kai wa mai ɗab'i, ki biya mai zanen bango, sannan ki ɗora kwalaye a mota daga tashar Kawo sai Kano, don can kasuwar take. Shi ya sa ma malaman jami'a suka laƙaba mana "adabin kasuwar Kano", ko kina Kaduna ko kina Gusau. Dillali ya karɓi kaya ya ce sai an sayar. Akwai wani, ba zan kama suna ba, yana nan da ransa. Kullum na kira, "Hajiya wallahi kasuwa ta tsaya." Kasuwa ta tsaya, amma na shiga Kasuwar Barci sayen wani abu daban, sai ga littafina a shimfiɗe, bugun da ban san da shi ba, takarda sharara kamar ta ƙunshin ƙosai, har sunana ba a rubuta daidai ba. Da na yi magana kin san me ya yi? Da salla ya aiko min da turmin atamfa. Atamfa fa! Wai kyauta. Da kuɗina! Kuma ko kalar ba ta yi min ba, wata ruwan ƙasa haka... kai, bari dai, in na biye wa wannan sai mu kai magariba.

Me nake cewa ma? Yauwa. Shawarata guda ce: ki gama littafi kakaf kafin ki saki feji ko ɗaya. A'a, tsaya, ban ce kada ki riƙa saki kaɗan-kaɗan ba, ai shi ke riƙe masu karatu. Nufina ya zamana yana nan kammalalle a hannunki, kin bar shi ya kwana biyu, kin sake bi kin gyara. Don in kina taifin da dare ki saki da safe, masu karatu ne ke tuƙa ki. Wannan ta ce a kashe kishiya, waccan ta ce a dawo da tsohon saurayi, labarin da ya kamata ya ƙare a babi talatin ya kai tamanin. Ba dole ki gaji ba? Ita ce gajiyar da kike kira ɗaukewar ilhama. Kuma in littafi na hannunki, kina sakin wannan kina rubuta na gaba, ɓarauniya tana can tana fama da na jiya.

Batun kai ƙara da wata ta kawo, e, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, kuma sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2023 ta haɗa har da abin da aka ɗora a intanet. Amma ke da Allah, nawa za ki kashe wajen bin mai guruf ɗin da ko sunanta na gaskiya ba ki sani ba? Ki dai sa sunanki a kowane feji, sama da ƙasa.

Sannan kada ki jingina da kafa ɗaya. OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai ta intanet da mutanenmu suka zuba littattafai a ciki, ta rufe a ƙarshen 2023, saboda haka ki ajiye kwafin komai a imel ɗinki. Ki riƙa shiga gasa kuma. Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 ake yin ta, gajeren labari ne mai iyakar kalmomi, ko ba ki ci ba za ta koya miki tsuke zance. Ai su Abubakar Imam ma ta gasar 1933 ta nan Zariya suka fito.

Ki samu ɗan littafin lissafi ki riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da data ta ci. Babi ukun farko kuma ki turo min ta bayan fage in duba, amma a rubuce, kada ki ɗauko min hoton fuskar waya, idona ba ya gani.