Na'urar dangwala yatsa, kyamara da manhajar waya: ina iyakar ikon kamfani a kan ma'aikaci?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni akawu ne a wani kamfani mai zaman kansa a Kano, albashina naira 120,000. Wata uku ke nan da aka kafa mana na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa, aka kuma ƙara kyamarori. Yanzu an ce kowa ya sauke wata manhaja a wayarsa wadda ke nuna inda mutum yake. A watan jiya an zaftare min naira 5,000 har sau biyu wai na makara, alhali rana ɗaya na iso da wuri, na'urar ce ta ƙi karɓar yatsana. Shin doka ta ba su wannan damar? Zan iya ƙi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Zan fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba. Kamfani yana da ikon sanin lokacin da ka zo da lokacin da ka tashi, domin lokacinka yake biya. Da wuya kotu ta hana shi ƙididdige halarta, ko da rijistar sa hannu ce ko da na'ura. Sai dai abubuwa huɗu ka haɗa a tambayarka, kuma ƙarfinka a kansu ba ɗaya ba ne. A kan kyamarar ƙofa hujjarka ba ta da yawa. A kan manhajar waya da yankan albashi kuwa, doka ta fi karkata gare ka.

Dokoki uku ne suka shafe ka. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Sai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, wato NDPC. Sai kuma Dokar Ƙwadago.

Mu ɗauki yatsa. Masu sayar da na'urar sukan ce ba hoton yatsa take ajiyewa ba, wasu lambobi ne take fitarwa daga zanensa. Galibi haka ne, amma a wurin doka duk ɗaya ne. Bayanin jikin mutum da ake tantance shi da shi yana cikin bayanai masu tsananin sirri, kuma sashe na 30 na Dokar Kare Bayanai ya taƙaita dalilan da za a iya tara irinsu. Dalilin tsanantawar a fili yake: wanda aka sace wa lambar sirri yana iya canza ta, amma yatsa ba ya canzuwa, kuma da shi aka yi maka rajistar BVN da NIN. Sashe na 27 ya wajabta wa kamfani ya sanar da ku abin da yake tarawa, da dalili, da waɗanda za su gani, da tsawon lokacin ajiya, da haƙƙinku na kai ƙara. Idan safiya kawai ta waye aka jera ku a layi aka ce kowa ya ɗora yatsa, an tsallake wannan mataki. Sashe na 28 kuma ya buƙaci a yi nazarin haɗari tun kafin a fara duk wani aikin da zai iya jefa haƙƙin mutane cikin babban haɗari.

Wataƙila su fito da takarda su ce ai ka sa hannu. Sashe na 26 ya ɗora wa kamfani nauyin tabbatar da cewa ka yarda, kuma yardar da doka ta sani ita ce wadda aka bayar da son rai. Sa hannun da mutum ya yi yana tsoron kora, a ganina, ba zai yi nauyi sosai ba. Shi ya sa kamfanin da ya samu shawara mai kyau yakan tanadi wata hanya, kati ko lambar shiga ko rijista, ga wanda bai so ko wanda yatsansa ba ya kamawa. Kuma ƙin kamawar ba baƙon abu ba ne. Hunturu na busar da fata ta tsattsage, aikin hannu na shafe zanen yatsa, ƙura na rufe gilashin, lalle ma kan ba wasu na'urorin wahala. Idan aka ɗauke wuta kuma batirin agogon ciki ya mutu, lokacin na iya rikicewa gaba ɗaya.

Kyamara a ƙofa, a sito, ko wurin karɓar kuɗi, da sanarwa a bango, abu ne da ake iya karewa da hujjar tsaro. A banɗaki ko ɗakin canza kaya babu hujjar da za ta tsaya. Ka duba ko tana naɗar murya, domin sauraren hirar mutane ya wuce tsaron dukiya.

Manhajar waya ce ta fi damuna. Wayar taka ce, kai ka saya, kai kake zuba mata data. Sashe na 24 ya ce kada a tara bayani fiye da abin da ake buƙata. Don a san ka iso ofis, tabbatar da wurinka sau ɗaya da safe da sau ɗaya da yamma ya isa. Manhajar da ke bin sawunka dare da rana tana nuna asibitin da kake zuwa, da masallacin da kake sallar Juma'a, da gidan da ka kwana. Lafiya da addini su ma suna cikin bayanai masu tsananin sirri. Kamfani na iya cewa yana da halastacciyar buƙata a ƙarƙashin sashe na 25, amma sashen da kansa ya ce wannan hujja ba ta aiki idan ta danne haƙƙin mutum ko ta wuce abin da zai yi tsammani. Direba da ke tuƙa motar kamfani a lokacin aiki, maganarsa daban. Akawu da ke zaune a tebur kuwa, ban ga abin da kamfani zai ce ba. Kafin komai, shiga saitin wayarka ka duba izinin da manhajar ta karɓa. Ka mayar da na wuri zuwa lokacin amfani da ita kaɗai, ka rufe na lambobi da hotuna da makirfo.

Sai kuɗinka. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana mai aiki ya yanke albashi da sunan tara. Ko asara ce ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci, sai an samu rubutaccen izinin jami'in ƙwadago kafin a cire. Mu yi lissafi. Naira 120,000 a kwana 22 na awa takwas ya kama kusan naira 680 a awa. Makarar minti 15 ke nan kusan naira 170 ce. Da wannan suka cire, da sai su ce lokacin da ba ka yi aiki ba ne suka ƙi biya, a yi muhawara. Naira 5,000 kuwa tara ce, ko da wane suna aka kira ta. Abin lura ɗaya: dokar ta fi kare leburori da ma'aikatan ofis na ƙasa, ta cire masu muƙamin gudanarwa da ƙwararru. Idan kai akawun shigar da lissafi ne kana ciki. Idan babban akanta ne, takardar ɗaukar aikinka da littafin ƙa'idojin ma'aikata ne za a duba, kuma idan babu maganar tara a cikinsu, to an saɓa yarjejeniya. Ƙari a kan haka, idan na'urar ce ke tura lissafi kai tsaye zuwa albashi ba tare da wani ya duba ba, sashe na 37 na dokar 2023 ya ba ka damar neman mutum ya sake dubawa, ka faɗi naka, ka ƙalubalanci hukuncin.

Kada ka tsaya a bakin ƙofa ka ce ba za ka dangwala ba, kada kuma ka taɓa na'urar ko ka juya kyamara. Da hannunka za ka miƙa musu hujjar rashin biyayya. Ci gaba da dangwalawa, ka fara tara shaida. Duk ranar da ta ƙi karɓa, ɗauki hoton fuskarta da lokaci, ka tura wa shugabanka saƙo nan take. Ajiye takardun albashi da saƙonnin banki na watannin da aka yanka.

Daga nan ka rubuta wasiƙa cikin ladabi zuwa sashen kula da ma'aikata, kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan naka. Ka ambaci sashe na 34 na Dokar Kare Bayanai, wanda ya ba ka damar ganin bayananka da neman a gyara kuskure. Nemi tarihin shiga da fitarka na wata ukun, da manufar kamfani a rubuce, da sunan kamfanin da ke riƙe da bayanan da ko ana fitar da su ƙasar waje. Nemi a duba faifan kyamarar ƙofa na ranar da ka zo da wuri, ka kuma gaggauta, don yawancin na'urorin naɗa suna goge tsohon faifai idan ma'ajiyarsu ta cika. Ka bayyana ƙin amincewarka da bin sawu bayan tashi aiki bisa sashe na 36, ka nemi a maido maka naira 10,000. Ba su mako biyu. Idan kuna da ƙungiya, ko ku biyar ne za ku sa hannu tare, ya fi, domin ware mutum ɗaya a takura masa ya fi sauƙi.

Idan suka yi kunnen uwar shegu, maganar bayanai tana zuwa NDPC bisa sashe na 46. Hukumar na iya ba da umarnin a daina, a biya diyya, ko ta ci tara, wadda ga ƙaramin kamfani kan kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Maganar albashi kuma ta ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce, sannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano. A kan naira 10,000 kaɗai ba zan ce ka shiga kotu ba, kuɗin shari'a zai cinye ta. Amma idan aka kore ka jim kaɗan bayan wasiƙar, kwafin nan mai hatimi zai zama babbar shaidarka, sai ka ɗauke shi da takardar ɗaukar aikinka ka zauna da lauya kafin ka sa hannu a kowace takardar sallama. Ranar da za ka bar aikin kuma, ko ta wace hanya, ka nemi a goge yatsanka daga na'urar, a ba ka shaidar hakan a rubuce.