Ragon Suna ko Kuɗin Asibiti: Amsa ga Ɗan Ƙanena

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso gare ni. Ka ce ciwon shawara ya kama jaririnka tun a kwana na biyu, an kwantar da shi a ƙarƙashin fitila, likitoci kuma sun ce mai yiwuwa sai an canza masa jini. Ka ce kuɗin da ka tanada domin ragon suna su kaɗai suka rage a hannunka, wasu daga cikin dangi kuma suna matsa maka a karɓo yaron a yi suna sannan a mayar da shi. Kana tambaya ko barin yanka a ranar bakwai laifi ne, kuma ko neman taimako zubar da girma ne.

Yankan suna, wato aƙiƙa, a mazhabar Malikiyya abin so ne ga wanda yake da hali, ba farilla ba ne, alhali kiyaye ran yaron wajibi ne a wuyanka. Saboda haka ka kai kuɗin ragon asibiti ba tare da zuciyarka ta raya maka komai ba. A mashhurin mazhabar, idan rana ta bakwai ta wuce yankan ya faɗi, babu ramuwa, wasu malaman kuma sun halatta a yi shi a rana ta 14 ko ta 21, kamar yadda Tirmizi ya ambata. Raɗa suna kuwa bai rataya ga rago ba, domin ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi. Ka yi wa yaron huɗuba a inda yake kwance, ka faɗa wa mahaifiyarsa sunan, ka sanar da mu.

Batun karɓo shi gida kuwa, ban yarda ba, kuma duk wanda ya yi maka ƙorafi ka ce ni na hana. Tsofaffinmu da suke cewa ai yawancin jarirai suna yin shawara ta wuce ba ƙarya suka yi ba, sai dai wadda ta kai likita ga maganar canjin jini ba irin waccan ba ce. Sinadarin da ke sa ido da fata su yi rawaya, idan ya taru da yawa, yana hawa ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko naƙasar gaɓoɓi har ƙarshen rayuwarsa, kuma wuni guda a wajen fitilar nan, cikin hannuwan 'yan barka, yana iya jawo abin da ba a gyarawa. Shanya shi a hantsi ba ta maye gurbin fitilar asibiti. Aski ya jira sai an sallame shi, kuma kada ka bari a taɓa masa beli ko a ɗura masa jiƙo. Ka kuma sa a cire kafur daga cikin kayan sawarsa, domin yana fasa jinin wasu jarirai ya ƙara musu ciwon.

Neman taimako ba kunya ba ne, kuma a nan ne nake ganin matasa kuna yi wa al'ada gurguwar fahimta. Gudummawar da dangi suke kawowa ranar suna an ƙirƙire ta ne domin a rage wa maigida nauyi, saboda haka gaya musu su kawo ta yanzu, a tsabar kuɗi, bai saɓa wa komai ba. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sanya waɗanda bashi ya danne cikin masu haƙƙin zakka, to ina abin ɓoyewa? Sai dai ka rubuta abin da kowa ya bayar, ka bambanta kyauta da rance tun a wurin karɓa, domin na sha ganin zumunci ya lalace a kan wannan bayan mara lafiya ya warke. Ka nemi a ba ka lissafin asibitin a rubuce, ka tambaya ko suna da sashen tallafa wa marasa hali, ka kuma tara samarin gidanmu su ba da jini. Kayan ɗakin matarka da gwal ɗinta dukiyarta ce, ba a sayarwa sai da yardarta.

Ita ma ka kula da ita, domin jego a kan kujerar asibiti ba ƙaramar wahala ba ce. Kada ka bar kowa ya ce mata nononta ne ya jawo ciwon. Ta ci gaba da shayarwa, ko ta tatsa a ba shi yadda ma'aikatan jinya suka nuna mata.

Na aika maka da nawa kason ta hannun yayanka, gwaggonka kuma za ta zo gobe ta karɓi mahaifiyar matarka ta huta. Ka sanar da ni abin da likita ya ce bayan gwajin jinin safe. Allah Ya ba shi lafiya, Ya raya mana shi.