Ɗana, ga amsar tambayarka kan farin ƙyallen nan

Ɗana, saƙonka ya iso, da hoton da ka ɗauko a gidan tarihin garin da kake karatu. Hoton na Yaƙin Duniya na Biyu ne, na ga tankar Amurka a tsakiyar titi, sojojin ƙasa na biye da ita a layi biyu, kowace taga kuma an rataya mata farin zanin gado. Ka tambaye ni ko al'adar Jamusawa ce ta tarbar baƙi, kamar yadda mu muke fita da ruwan sha da shimfiɗa. Na yi dariya har innarka ta leƙo. A'a, ɗana. Wannan zanin roƙo ne, ma'anarsa kada a harbo, babu mai faɗa a gidan nan.

Tarba ta gaskiya a Faransa aka yi ta. Bayan Amurkawa sun ɓalle daga Nomandi a ƙarshen Yulin 1944, rundunar Janar Patton ta bazu cikin karkara a watan Agusta, tana cin ƙasa kamar wutar daji. A can mutane ƙararrawar coci suka riƙa kaɗawa, mata na jefa furanni, yara na ɗarewa kan tankoki, domin baƙon ya zo korar sojan Jamus da ya zauna musu a wuya shekara huɗu. Da suka tsallaka cikin Jamus kuwa sai labari ya sha bamban. Aachen, babban birnin farko da suka ci, sai da aka bi shi gida gida kafin ya faɗi ranar 21 ga Oktoba 1944.

Kafin ka gane zanin, sai ka san halin tanka. Mu muna ganinta kamar giwa, amma a cikin gari makauniya ce. Mutum biyar ne a cikin Sherman, wato tankar Amurkawa, suna leƙe ta 'yan ƙananan kafofi, ga ƙarar inji ta toshe musu kunne. Jamusawa kuma suna da wani makami, Panzerfaust, bututu ne da ko yaro ɗan shekara goma sha biyar zai saɓa a kafaɗa, ya laɓe a bayan katanga, ya ƙone tanka da mutanen cikinta. Shi ya sa kake ganin sojojin ƙasa a gefenta, su ne idonta, ita kuma garkuwarsu ce. Har wayar tarho suka riƙa ɗaurawa a bayan tankar, don na ƙasa ya gaya wa na ciki inda wuta ke fitowa.

To bayan Amurkawa sun haye kogin Rayin, musamman da gadar Remagen ta faɗo hannunsu ranar 7 ga Maris 1945, kowane soja ya san yaƙi ya zo ƙarshe, ba wanda ke son ya zama gawar ƙarshe. Sai suka ɗauki wata ɗabi'a. In sun iso bakin ƙauye su tsaya, wani lokaci su yi shela da lasifika ko su aika wa magajin gari. In fararen ƙyallaye suka fito, su ratsa su wuce. In aka yi harbi ko da ɗaya ne, su ja da baya su kira igwa da jiragen sama.

Amma kada ka ɗauka rataya zanin abu ne mai sauƙi. Himmler, shugaban SS, wato dakarun musamman na jam'iyyar Hitler, ya ba da umarni a harbe mazan duk gidan da aka ga farar tuta. Akwai wani ƙauye, Brettheim, da labarinsa ba ya barin raina. A watan Afrilun 1945 wasu samari huɗu na ƙungiyar matasan Hitler suka shigo da makamai za su tare Amurkawa. Manoman garin suka ƙwace makaman suka watsa a tafki, suka kori yaran. Sojojin SS suka zo suka yanke wa manomi ɗaya hukuncin kisa. Magajin gari da malamin makaranta suka ƙi sa hannu a takardar, sai aka haɗa su ukun aka rataye a bishiyoyin ƙofar maƙabarta ranar 10 ga wata. Da Amurkawa suka iso bayan mako guda, tsoro ya hana kowa fito da farin ƙyalle, aka ragargaza yawancin ƙauyen. Gaba kura, baya siyaki.

Ka ce ko mu muna da irin wannan. Muna da neman amana, sai dai mu ba da zani muke yi ba, babba ake turawa ya yi magana da yawun jama'a. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, Waziri Buhari kuma ya dawo ya sasanta da su don talakawan da ba su da inda za su. Har yau malamai na muhawara kan wanda ya fi dacewa a cikinsu, ni kam ban isa in raba wannan gardama ba.

In ka sami hutu, Brettheim na jihar Baden-Württemberg, akwai ɗan gidan tunawa da mutanen nan uku. Ka je ka ɗauko mini hoton bishiyoyin. Innarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi.

Baffanka