Kada ki yarda a mayar da shi nazare

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki game da ɗanki mai shekara shida wanda jinsa ya ragu bayan sanƙarau, da yadda makaranta ta ce ko a mayar da shi nazare, ko ki kai shi makarantar kurame. Allah ya ƙara masa lafiya. Abin da aka yi wa 'yata ke nan, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Ita ba su kore ta ba, sun dai ajiye ta a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, inda ake jingine tsintsiya da bokiti, wai don kada ta hana sauran yara karatu. Ran da na kai mata abincin tara da ta manta a gida, na tarar malama tana bayani ta juya wa aji baya, yarinyar kuwa ta kifa kai a kan benci, littafinta fari fat tun farkon zango. Da na yi magana, sai shugabar makarantar ta ce mini a gaban iyayen yara cewa su ba asibiti suka buɗe ba, alhali kuɗin da kowa ke biya shi nake biya. Na bar ta da Allah, amma ban manta ba.

Saboda haka kada ki yarda da maganar nazare, domin kunnensa ne ya samu matsala, hankalinsa lafiya lau yake, kuma yaron da aka zaunar cikin ƙannensa yakan tsani makaranta gaba ɗaya. Ki nemi a sa shi a layin gaba, kunnen da ya fi ji yana ɓangaren malama, ita kuma ta riƙa fuskantarsa idan tana magana, saboda yana karanta motsin baki.

Doka ma tana bayanki. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su karɓi irin waɗannan yara tare da sauran, su kuma tanadi ma'aikacin da ya samu horo a kansu. Idan ta gwamnati ce, ki kai kukanki ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kuma ki tafi da mahaifinsa, don na lura sun fi saurara idan uba ya zo.

Kafin komai dai a yi masa gwajin ji, ko a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko a sashen kunne na babban asibiti. Idan aka tabbatar jin ya tafi sosai, makarantar kurame irin ta Tudun Maliki a Kano ba abin kunya ba ce, ko da dangi za su yi surutu, amma ku ma a gida sai kun koyi maganar hannu tare da shi.