Masta kafin likitanci: ƙofa ce ko kewaye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a nan Maradi, unguwar Ali Ɗan Sofo. Na gama lisansi a ilimin halittu, amma burina tun ina lise shi ne likitanci. Na ga a intanet cewa a Amurka akwai masta ta share fagen shiga makarantar likitoci. In na yi irinta za a ɗauke ni? In kuma ba a ɗauke ni ba, wane aiki zan yi da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da kika gani gaskiya ne, sai dai rigar wata ƙasa ce, an ɗinka ta daidai jikin masu ita. A Amurka galibi ba a shiga likitanci daga sakandare. Sai mutum ya yi digirin farko na shekara 4, ya rubuta jarrabawar neman shiga likitanci ta MCAT wadda makinta ke tsakanin 472 da 528, sannan ya nemi gurbi ya yi wasu shekara 4, kafin horon ƙwarewa a asibiti na shekara 3 zuwa 7. Wannan masta an ƙirƙiro ta ne domin wanda makinsa na digirin farko ya yi rauni, ya yi shekara 1 ko 2 yana darussa masu nauyi irin na ƴan ajin farko na likitanci, ya nuna zai iya. Ba ta ba kowa tabbacin gurbi. Ga tsada, ga shi makarantun da ke karɓar baƙi ba su da yawa, kuma galibinsu suna son ka yi wani ɓangare na karatunka a can. Ban ba ki shawarar a sayar da gonar gida saboda ita ba.

Mu a Nijar ƙofar ita ce bak, wato jarrabawar kammala lise, siri D ko C na kimiyya. Da shi ake neman tsangayar kiwon lafiya, ko a nan Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ko a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko ta André Salifou a Damagaram. Karatu ne na shekara 7 zuwa 8, ga staj, ga gadin dare a asibiti, a rufe da kundin dokta. Masta ba ta tsallakar da ke aji kai tsaye. Ki ɗauki takardunki ki je ofishin rajistar tsangayar da ƙafarki, ki tambayi sharuɗɗan bana, musamman zancen shekarar bak ɗinki da shekarun haihuwa. Kar ki dogara da jita-jitar guruf ɗin WhatsApp.

Akwai hanyar da ƴan Maradi kan manta da ita alhali tana bakin ƙofa. A Najeriya mai digirin kimiyya da sakamako mai kyau yana iya nema ta JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, a sa shi aji 2 na likitanci, wato saura shekara 5 cikin 6. Kano da Sakkwato duk suna da tsofaffin makarantun likitoci. Gurbin kaɗan ne, gasar da zafi, kuma Turancin Ingilishi za a karanta, ba Hausar kasuwar Jibiya ba. Kafin ki biya ko dala, ki tabbatar takardar za ta samu daidaito a gida har ƙungiyar likitoci ta yi miki rajista. Faransa ma tana shigar da masu masta aji 2 ko 3, amma an tsara abin ne kan takardun can da na Turai.

Yanzu ga rabin tambayarki na biyu, wanda a ganina ya fi muhimmanci. Masta ta share fage ita kaɗai ba sana'a ba ce. In za ki kashe shekara 2, ki kashe su kan wadda ke da suna a kasuwar aiki: nazarin ƙwayoyin cuta, ilimin annoba, kiwon lafiyar al'umma, ko abinci mai gina jiki. Mai irin wannan takarda yana aiki a labo na asibiti, a LANSPEX inda ake gwada ingancin magani da abinci da ruwa, a cibiyar bincike ta CERMES a Yamai, ko ya ci gaba zuwa dokta ya koyar a jami'a.

Ba ma sai an je nesa ba. Cibiyar binciken lafiya ta Epicentre da ke nan Maradi ita ta gwada rigakafin gudawar yara na Rotasiil mai jure zafi a yankin Madarunfa, kan jarirai sama da 3,500. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna yana kare kusan kashi 67 cikin 100 daga gudawa mai tsanani da ƙwayar rotavirus ke haddasawa, a 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Irin wannan aiki ba likita kaɗai ke yin sa ba. Akwai mai zama gaban na'ura yana auna samfurin bayan gidan yaro, akwai mai duba zafin firij safe da yamma yana rubutawa, akwai mai bin takardu layi-layi don kar lamba ɗaya ta kauce.

Kafin ki yanke, ki nemi staj na wata guda a sashen yara na asibiti lokacin damina, sa'adda zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje, ki yi wani watan a labo. In zuciyarki ta tsaya a gefen gado, ki fara haɗa takardun tsangaya da na JAMB tun yanzu, ki kuma zauna da iyayenki a kan wanda zai ɗauki nauyin shekarun, don kuɗin ANAB, hukumar ba ɗalibai tallafin karatu, ba kowa ke samu ba.